TARKON GUBA: ƊAN GARIN DA KE TONA ASIRIN RUWA, ABINCI DA ISKA

Duk matafiyin da ya baro Zuba ya nufi Gwagwalada a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Lakwaja, ba zai yi nisa ba zai iske garin Tungan Maje. Kafin shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar kafa sabon babban birnin ƙasa a wannan yanki, garuruwan shiyyar na manoma ne, masu noman doya da dawa da masara. Amma tun daga watan Disamba na 1991, da hedikwatar Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, sai jama'a suka yi ta kwararowa, musamman ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu. Gidaje suka shiga cin gonaki, har ya zama mutum na iya tarar da rijiya, da gonar da ake yi wa feshi, da garejin kanikawa inda ake zubar da baƙin mai, da jujin da ake ƙona shara, duk a unguwa guda.

To, a irin wannan hali, idan magidanci ya ɗebi ruwa daga rijiyarsa ko ya saya a hannun ɗan garuwa, ya ga ruwan garau ba wari ba ɗanɗano, ta yaya zai tabbatar babu wani abu mai cutarwa a ciki? Ido ba ya amsa wannan tambaya, harshe ma haka. Sai gwaji. Shi kuwa gwajin, ko da yake mutane sun fi jin labarin manyan na'urori masu tsada da ake yin sa da su, haƙiƙa amincinsa ya rataya ne a kan wani ɗan gari wanda bai cika cokalin shayi ba, wanda aikinsa shi ne ya kamo gubar ya miƙa wa na'ura. Shi ne a nan za a kira shi garin tarko.

ALLURA CIKIN RUWA

Kafin a fahimci amfanin wannan gari, ya kamata a san ƙanƙantar abin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a cikin kowace lita ta ruwan sha. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Wato idan aka narkar da giram ɗaya tak na dalma a cikin ruwan da zai cika tankokin dakon mai guda uku, irin masu cin lita 33,000, to an kai wannan iyaka. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun ƙayyade cewa kada wani maganin ƙwari ko na ciyawa ya wuce kashi ɗaya cikin goma na maikirogiram a litar ruwan sha, wanda ya yi daidai da giram ɗaya a cikin tankoki kimanin 300.

Neman abu mai wannan ƙanƙanta shi ne Bahaushe ke kira allura cikin ruwa. Bugu da ƙari, ba allurar kaɗai ke cikin ruwan ba. Ruwan rafi na ɗauke da laka da gishiri iri-iri da ruɓaɓɓen ganye. Ƙasa na ɗauke da taki. Wake da gyaɗa na ɗauke da mai da sauran sinadaran da Allah ya halitta a cikinsu. Idan aka ɗura irin wannan gauraye kai tsaye a cikin na'ura, ko dai ta toshe ta lalace, ko kuma hayaniyar waɗannan abubuwa ta danne muryar gubar, kamar mai neman jin raɗa a tsakiyar kasuwar Zuba ranar da ta cika. Saboda haka dole ne a fara yin abu biyu: a ware gubar daga tarkace, sannan a tattara ta wuri ɗaya ta yi ƙarfin da na'ura za ta gane ta. Wannan shi ake kira shirya samfuri, kuma masu aikin sun shaida cewa shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ƙofar da kuskure ya fi shigowa.

DAGA GAWAYI ZUWA ALLI

Asalin hikimar ba baƙuwa ba ce a gidajen Hausawa. Matar da ta baza tufafi a kan kabbasa ta turara su da turaren wuta, ta san cewa zaren tufa na kama ƙamshi ya riƙe shi kwana da kwanaki. Wadda ta jefa gawayi a tukunyar da ta kama don ya ɗauke ƙauri, ita ma da wannan hikima ta yi aiki. A asibiti kuwa, akan ba wanda ya haɗiyi wasu nau'o'in guba wani gyararren gawayi ya sha, domin gubar ta manne masa a ciki kafin ta shiga jini.

Sirrin gawayi yana cikin ramukansa. Idan aka ƙona itace ko ƙoƙon kwakwa, aka sake gasa gawayin da tururi mai tsananin zafi, sai ya cika da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon waɗannan ramuka, giram ɗaya na irin wannan gawayi kan kai faɗin murabba'in mita 1,000, wato giram bakwai sun isa su rufe filin ƙwallon ƙafa. A jikin wannan bango ne ƙwayoyin guba ke maƙalewa.

Wanda ya fara mai da wannan hikima hanyar bincike shi ne wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha mai suna Mikhail Tswett. A shekarar 1903, yana aiki a birnin Warsaw, ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye ta sama, sai ya ga launukan ganyen sun rarrabu hawa-hawa, kore a nan, rawaya a can, domin kowane launi da irin ƙarfin da yake riƙe alli da shi. Daga nan aka samo ilmin rarrabe sinadarai wanda manyan na'urorin yau suke aiki da shi. Sai dai an daɗe ana fitar da guba daga ruwa ta hanyar girgiza shi da sinadaran narkarwa masu yawa, masu tsada, masu cutar da ma'aikacin da ke shaƙar su. A cikin shekarun 1970 ne aka fara ratsa ruwa ta cikin ƙwayoyin wata roba mai suna XAD, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru kamfanin Waters na Amurka ya fito da Sep-Pak, wato garin tarko da aka ɗura a cikin ɗan bututu, a yi aiki da shi sau ɗaya a jefar.

YADDA AKE ƊANA TARKON

A ɗauka cewa an ɗebo lita ɗaya ta ruwa daga wata rijiya da ke gefen gonar masara a Tungan Maje, ana son a san ko maganin ciyawa ya sirara ya shiga. Tambayar na da tushe, domin akwai magungunan da ruwan sama ke tafiya da su ƙarƙashin ƙasa. Saboda wannan dalili ne Tarayyar Turai ta hana amfani da atirazin a shekarar 2004.

Da farko, a kwalbar gilashi mai duhu ake ɗebo ruwan, ba a jarkar roba ba, domin roba na iya shanye maganin ko ta saki nata sinadarin. A sa kwalbar cikin ƙanƙara, a hanzarta kai ta ɗakin gwaji. A can ma'aikaci zai ɗauko ɗan bututu mai kama da sirinjin allura, wanda ke ɗauke da rabin giram na garin tarko. Sai ya jiƙa garin da ɗan sinadarin metanol da tsarkakakken ruwa don ya farka. Sannan ya ratsa ruwan rijiyar ta cikinsa sannu a hankali; ruwa ya wuce, magani ya maƙale. Bayan haka ya ɗauraye garin don tarkacen da ba a so su fita. Daga ƙarshe ya zuba 'yan ɗigon sinadari mai ƙarfi wanda zai kwance maganin daga jikin garin ya gangaro da shi cikin 'yar kwalba, a ƙafar da shi har ya koma mililita ɗaya.

Da haka abin da ke warwatse a cikin lita guda ya taru a wuri ɗaya, ƙarfinsa ya ninku sau 1,000. Sai a lokacin ne za a miƙa shi ga na'urar da za ta faɗi sunansa da yawansa.

KOWACE GUBA DA TARKONTA

Kamar yadda tarkon gafiya ba ya kama kifi, haka garin tarko ɗaya ba ya kama kowace guba. Wanda aka fi amfani da shi don magungunan feshi shi ne wanda ake kira C18, wato silika, asalin sinadarin rairayi, da aka lulluɓe da wani abu mai ɗabi'ar kitse. Duk sinadarin da ke ƙin ruwa yana son mai sai ya manne masa. Akwai Florisil, wanda ake tsarkake samfurin tsofaffin magunguna irin su DDT da gamalin da shi. Akwai gawayi na musamman mai ɗauke koren ganye daga samfurin alayyafo ko latas. Ga ƙarafa masu guba kuwa, irin su dalma da kadmiyom, akwai ƙwayoyin roba kamar Chelex waɗanda ke damƙe su kamar ƙaguwa. A Kano ma, inda majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke aiki da kuromiyom, kuma manoman rani ke ban-ruwa daga rafukan da suka ratso birni kamar Jakara, wannan zaɓi na da muhimmanci, domin kuromiyom iri biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya illa nesa ba kusa ba, kuma da garin tarko ake iya raba su kafin a auna.

A shekarar 1990, Farfesa Janusz Pawliszyn na Jami'ar Waterloo a Kanada ya fito da wata dabara inda ake shafa tarkon a jikin wani zare mai sirantar gashi, a tsoma shi a ruwa ko a rataya shi a saman samfuri, sannan a sa shi cikin na'ura ba tare da sinadarin narkarwa ko ɗigo ba. A 2003 kuma, Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu a Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka suka bayyana hanyar QuEChERS don gwajin abinci: a niƙa samfuri, a girgiza shi da sinadarin narkarwa da gishiri, a ɗebi ruwan da ya taso sama, a barbaɗa masa garin tarko ya kwashe mai da tsami, a juya shi cikin na'ura mai wulwulawa, shi ke nan.

Manoman wake da dillalansa sun ɗanɗani abin da irin wannan gwaji ke iya jawowa. A watan Yunin 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya, bayan an yi ta samun maganin DDVP a cikinsa fiye da ƙima, kuma a 2016 ta tsawaita dakatarwar. Wannan shi ne maganin da wasu ke yayyafa wa wake a rumbu ko a shago don kashe ƙwari. Iyakar da Turai ta sa ita ce kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a kowane kilo, wato giram ɗaya a cikin buhu 1,000 masu cin kilo ɗari-ɗari. Abin lura a nan shi ne, a tashoshin Turai aka gano matsalar. Waken da aka hana shiga can kuwa, ɗan'uwansa ne ake aunawa da mudu a kasuwannin gida.

SOSON DA AKA RATAYA A SHEDA

Ba ruwa da abinci kaɗai ake ɗana wa tarko ba, har da iska, kuma misalin wannan na nan kusa da Tungan Maje. Idan aka ci gaba da bin hanyar Lakwaja aka wuce Gwagwalada, za a iso Sheda a ƙaramar hukumar Kwali, inda Gwamnatin Tarayya ke da babbar cibiyar binciken kimiyya da fasaha.

A shekarar 2001 ƙasashen duniya suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Stockholm don kawar da sinadarai masu naci, waɗanda ba sa ruɓewa, suna taruwa a kitsen dabba da nonon uwa, iska kuma na ɗaukar su daga ƙasa zuwa ƙasa. Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2004. A cikin jerin akwai DDT da man PCB na tsofaffin taransfomomi, kuma a 2009 aka ƙara da lindan, wato sinadarin gamalin, wanda wasu masunta suka riƙa zubawa a kogi don kama kifi. Domin a san ko hanin na aiki, sai a 2008 masana na Jami'ar Masaryk da ke birnin Brno a Jamhuriyar Cek suka fara wani shiri na auna iska a ƙasashen Afirka 15, kuma Sheda ce tashar da aka zaɓa a Nijeriya.

Kayan aikin ba su da wani kwarjini. Soso ne irin na katifa, an yanka shi kewayayye kamar faifai, an wanke shi tas da sinadarai, an sa shi tsakanin kwanukan ƙarfe biyu, babba a kife a kan ƙarami, don kare shi daga rana da ruwa. Ba ya bukatar lantarki ko mai. Iska na shiga ta tsakanin kwanukan, soson na kama abin da ta ɗauko, kamar yadda tufa ke kama turare. Bayan makonni ko watanni sai a ciro shi, a naɗe shi, a aika da shi Brno a tatse a auna. Wato tarkon a nan aka ɗana shi, amma a Turai aka buɗe shi.

INDA KUSKURE KE SHIGA

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana, kuma sakamakon gwajin da ba a yi shi bisa ƙa'ida ba ya fi rashin gwaji haɗari. Idan garin tarko ya tsufa, ko ya sha danshi da zafi a ma'aji, ko aka ratsa ruwa da gaggawa, ko tarkace suka cika shi, guba za ta wuce ba a kama ta ba, takarda ta fito tana cewa ruwa lafiya lau, jama'a su ci gaba da sha. Idan kuwa garin ko kwalbar ne ke da datti, sai a ɗora wa manomi laifin da bai yi ba, a ƙi sayen amfaninsa.

Saboda haka ɗakin gwaji na ƙwarai yakan yi abu biyu a kowane zagaye. Yakan bi da tsarkakakken ruwa ta duk matakan da samfuri ya bi, don a ga ko kayan aikin na ƙara wani abu daga jikinsu. Yakan kuma ɗauki wani samfuri ya zuba masa sanannen adadin guba da gangan, ya ga nawa tarkon zai dawo da shi. A gwajin magungunan feshi, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a dawo da tsakanin kashi 70 zuwa 120 cikin ɗari. Duk shugaban al'umma ko ɗan kasuwar da aka miƙa wa takardar sakamako, yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi waɗannan abubuwa biyu.

DARASIN ZAMFARA

A farkon shekarar 2010, likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har da Bagega. Bincike ya nuna dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta auku a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Tarayya, inda yara 28 suka rasu.

A waɗannan wurare dalmar ta yi yawan da ba a bukaci wani tarko ba. Na'urar hannu da aka ɗora a kan ƙasa ta isa ta nuna ta. Nan ne darasin yake. Guba ba ta kai wannan matsayi dare ɗaya ba. Amfanin garin tarko shi ne a ga abu tun yana ɗan ƙanƙane, tun kafin makabarta ta riga ɗakin gwaji ba da labari. Tarihin hukumomin kare muhalli na ƙasar nan ma haka ya faro: sai da aka jibge sharar guba fiye da tan 3,000 daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka kafa hukumar FEPA, wadda daga baya NESREA ta ɗauki aikin tilasta bin dokokin muhalli a 2007.

ABIN DA KE HANNU

A duniya ana ci gaba da ƙirƙiro sababbin tarkuna. Akwai roba da ake ƙerawa da gurbin da ya yi daidai da siffar guba ɗaya, kamar makulli da kwaɗo. Akwai garin ƙarfe da ake barbaɗawa a ruwa, ya kama guba, a janye shi da maganaɗisu. Akwai kuma wasu sinadarai masu siffar saƙar zuma, waɗanda saboda su aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta 2025. Sai dai bututan da ɗakunan gwajin ƙasar nan ke aiki da su daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, kuma tun da sau ɗaya ake amfani da kowanne, duk lokacin da Naira ta faɗi sai gwaji ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa.

Alhali kuwa kayan haɗa wasu daga cikinsu na zube a gida. Ɓuntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, idan aka ƙona shi, mafi yawan tokarsa silika ce. Ƙoƙon kwakwa da ƙwaryar kwakwar manja na ba da gawayi mai kyau. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina suka fitar da ziyolait, wani ma'adini mai ramuka. Amma akwai bambanci tsakanin garin da zai rage ƙazantar ruwa da garin da za a yi awo da shi. Na awo dole ne ya kasance tsarkakakke, girman ƙwayoyinsa ɗaya, wanda aka yi yau ya yi aiki daidai da wanda aka yi bara, ya kuma saki duk abin da ya kama idan an nema. Kai wa ga wannan matsayi na bukatar haƙuri da kuɗi da gwaji a kan gwaji.

Tungan Maje na zaune ne tsakanin Jami'ar Abuja da cibiyar Sheda da hedikwatocin hukumomin da aka ɗora wa alhakin lafiyar ruwa da abinci, kuma ba kowane gari ne a ƙasar nan ya sami wannan kusanci ba. Ya kamata hukumomin Birnin Tarayya su tsara ɗibar samfuri daga rijiyoyi da rafukan garuruwan gefen birni, damina da rani, a kuma sanar da masu unguwanni sakamakon cikin harshen da suke ji. Ya kamata a ba jami'o'i kuɗin da za su kai garin tarko na gida matsayin da za a amince da shi. Su kuma jama'a, kada a haƙa rijiya kusa da juji ko gareji, kada a wanke tankin feshi a rafi, kada a mai da galan ɗin magani abin ɗibar ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye.